Jan Biro da Wasiƙar Yarinya: Shin Kuskure Yana da Haƙƙi a Kanmu?

Gabatarwa

A daminar bara aka kwantar da mahaifiyarmu a asibiti, ta yi kwana 11. Ni ne mai kai abinci safe da yamma, domin a lokacin na kammala digirina a fannin nazarin harshe, ina zaman jiran kiran bautar ƙasa. Wata rana da la'asar, ina cikin ɗaure kwanuka a bayan babur, sai 'yar yayata, yarinya mai shekara shida, ta sheƙo a guje ta miƙo mini wata takarda da ta yago daga littafin makarantarta. Ta ce, "Kawu, ka kai wa Kaka." Na warware takardar. Da fensir aka yi rubutun, haruffan suna hawa suna gangarowa kamar sawun kaza a kan rairayi. Ga abin da ke ciki:

kaka sanu ina kewaki ki samu lapiya ki dawo gidamu

Kalma goma, huɗu daga cikinsu sun saɓa wa ƙa'ida. Ban yi wata-wata ba na zaro jan biro daga aljihu, na dafa takardar a kan kujerar babur, na ƙara "n" a cikin "sanu", na cusa "r" a cikin "kewaki", na soke "p" na ɗora "f", na mayar da "gidamu" ta zama "gidanmu". Na ce ta je ta sake kwafewa da kyau, ba a kai wa manya rubutu a hargitse. Ta tafi, ta dawo da takarda fes, babu kuskure ko ɗaya. Na yaba mata, na kama hanya ina jin na sauke nauyin da ke kan mai ilimi.

Bayan kwana biyu na ce mata, "Yau ba za a rubuta wa Kaka ba?" Ta dube ni, ta ce, "Kawu, ka rubuta mini in kwafa. Ni ban iya ba."

Wannan amsa ita ce ta haifi wannan maƙala. Shekaranjiya yarinyar nan tana da abin faɗa, kuma ta yarda hannunta zai iya faɗar sa. Yau abin faɗar yana nan, yardar ce ta tafi. Ban yi mata ƙarya ba, domin duk gyaran da na yi daidai yake. To, in har gaskiya na faɗa, me ya sa zuciyata take tuhumata da ɓarna? Tambayar da nake son bin sawunta ita ce: shin kuskuren yaro mai koyon rubutu yana da wani haƙƙi a kan babba, ko kuwa kowane kuskure ƙaya ce da ya wajaba a cire nan take?

Abin da kunnen yarinyar ya ji

Sai daga baya na tuna wani abu da ya faru a gefen gadon asibiti. Mahaifiyarmu ba ta karanta boko. Da ajami take rubuta lissafin adashinta. Da na miƙa mata takardar da aka gyara, sai ta ce in karanta mata. Na karanta da babbar murya, kuma abin da ya fito daga bakina shi ne "kewakki" da "gidammu". A karin harshen gidanmu, idan "r" ta mallaka ta ci karo da baƙin da ke biye da ita, sai ta nashe a cikinsa. Haka ma "n" take komawa "m" a gaban "m". Wannan shi ne abin da masana harshe suke kira naso, kuma na amsa tambaya a kansa a zauren jarrabawa na ci maki. Amma da na gan shi a hannun yarinya, ban gane shi ba.

Ashe yarinyar ba ta yar da "r" ko "n" ba, domin babu su a cikin furucin da take ji kullum. Abin da ta ji shi ne baƙi mai shadda, kuma ta kafa wa kanta doka: sauti ɗaya, harafi ɗaya, ko an ja shi ko ba a ja ba. Da wannan doka ta rubuta "sanu", da ita ta rubuta "kewaki", da ita kuma ta rubuta "gidamu". Doka ɗaya ce, ta bi ta sau uku ba tare da kaucewa ba. Game da "lapiya" kuwa, Bahaushe da leɓɓansa biyu yake furta sautin da muke rubutawa da "f". A makaranta an koya mata cewa "f" ta Ingilishi da haƙori da leɓe ake yin ta, "p" kuma da leɓɓa biyu. Ta auna bakinta, ta zaɓi harafin da ya fi kusa da abin da ta ji leɓɓanta suna yi. Kurakurai huɗun da na ƙirga, ashe tunani biyu ne, kuma kowannensu yana da hujja.

Wannan ba baiwa ce ta yarinya ɗaya ba. A shekarar 1971 wani masanin harshe ɗan Amurka, Charles Read, ya wallafa nazarinsa a kan rubutun yara ƙanana waɗanda suka san sunayen haruffa amma ba a koya musu ƙa'idar rubutu ba tukuna. Ya tarar cewa yaran da ba su taɓa haɗuwa da juna ba suna yin kuskure iri ɗaya. Sukan bar "n" ko "m" idan ta zo kafin wani baƙi, sukan kuma fara kalmomin da Ingilishi ke farawa da "tr" da "chr", domin a bakin mai magana farkon sautin ya fi kama da hakan. Kuskuren da mutane da yawa suka yi tarayya a cikinsa ba tare da sun haɗa baki ba, ba tuntuɓe ba ne. Hanya ce da hankali yake bi. Irin wannan rubutu masana suka sa wa sunan da ke nufin ƙagaggen rubutu. Ni na fi son in kira shi rubutun kunne, tunda kunne ne limaminsa. A wannan shekarar dai Carol Chomsky ta kawo shawarar cewa yaro yana iya fara rubutu kafin ya iya karatu, kuma rubutun ne zai ja shi zuwa karatun.

A ƙasar Ajantina ma, Emilia Ferreiro, ɗalibar Jean Piaget, tare da Ana Teberosky, sun fitar da littafi a 1979 a kan yaran birnin Buenos Aires masu magana da harshen Sifaniyanci. Sun nuna cewa tun kafin a koya wa yaro, yana da nasa zato game da yadda rubutu yake aiki. Akwai matakin da yake ganin kalma ba ta karantuwa sai ta kai kimanin harafi uku. Akwai matakin da yake ba kowace gaɓa harafi guda. Daga nan zaton nasa yakan ci karo da abin da yake gani a rubuce, ya rushe, ya gina wani wanda ya fi shi. Malaman tsangaya sun daɗe da sanin cewa ilimin harafi hawa-hawa ne, shi ya sa suke fara ɗora yaro a kan babbaƙu kafin farfaru. Yaron da ya rubuta "gd" yana nufin "gida" ya kama ƙashin kalmar, saura tsoka.

Wa ya ƙaga ƙa'idar?

Kafin in ɗaga jan biro a kan yarinya, ya kamata in tambayi kaina daga ina ƙa'idar da nake karewa ta fito. Amsar tana sanyaya jiki. Duk rubutun Hausa, na ajami da na boko, da rubutun kunne ya fara.

Malamanmu na dā sun tarar da haruffan Larabci waɗanda ba a yi su domin Hausa ba. Larabci ba shi da "ɗ", ba shi da "ts", ba shi da "c". Sai suka yi abin da 'yar yayata ta yi: suka saurari bakinsu, suka nemi harafin da ya fi kusa. Suka ba "ƙ" harafin ƙaf, suka ari harafin Larabci mai ɗigo uku a sama suka ba "c", suka ƙara wa wani harafin ɗigo domin ya ɗauki "ts", suka ɗauko ɗigon imala daga rubutun ƙira'ar Warshu suka nuna wasalin "e" da shi. Babu wata hukuma da ta daidaita ajami, saboda haka malamin Sakkwato da na Kano suna iya rubuta kalma ɗaya ta hanya biyu. Duk da haka, a cikin wannan rubutu Nana Asma'u da tsararrakinta suka bar mana waƙoƙin da har yau ake nazari a jami'o'i, kuma shi ne har yanzu yake kan takardun naira 200 da 500 da 1000.

Boko ma haka. Turawan da suka fara rubuta Hausa da haruffan Rumawa kowa da yadda kunnensa ya ba shi. Wasu sukan ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi su nuna "ɓ" ko "ɗ", wasu sukan sa waƙafi a gabansa, wasu ba sa sa komai. A 1912 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya wallafa ƙa'idojinsa na rubutun Hausa. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar aikin talifi a Zariya, haruffa masu ƙugiya suka samu gindin zama, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a 1939, ta yaɗa wannan rubutu gari-gari. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk domin a daidaita rubutun. Har gobe kuwa Nijar tana rubuta "ƴ" inda Nijeriya take rubuta "'y".

Kuma wannan ƙa'ida da aka sha wahalar tsarawa ba ta ɗauke duk abin da baki yake faɗa ba. Ba ta nuna tsawon wasali, ba ta nuna karin sauti. Shi ya sa "gashi" na kai da "gashi" na nama suke sanye da riga ɗaya a kan takarda, sai mahalli ya raba su. Masu tsara ƙa'ida sun zaɓi abin da za su rubuta da abin da za su bari, kamar yadda yarinyar ta zaɓi barin shadda. A dubi taswira ma. "Sokoto" kunnen baƙo ne ya ji Sakkwato, "Tahoua" kuma kunnen Bafaranshe ne ya ji Tawa. Waɗannan ma rubutun kunne ne, sai dai masu su suna da hatimi, shi ya sa babu wanda ya zagaye su da jan biro.

Ba ina nufin ƙa'ida ba ta da daraja ba. Abin da nake nufi shi ne, ƙa'ida yarjejeniya ce da mutane suka ƙulla bayan sun yi gwaji sun yi gardama. Yaron da yake ƙaga rubutunsa yana maimaita, a cikin 'yan watanni, tafiyar da al'ummarsa ta yi a cikin ƙarnoni. Wanda ya san wannan tarihi zai ji nauyin kiran aikin yaron shirme.

Hujjar masu jan biro

Adalci ne in saurari ɓangaren da na tsaya a kai ranar nan, domin hujjojinsa ba na wasa ba ne.

Hujja ta farko ita ce ta sabo. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan hannu ya saba da "sanu" shekara uku, wa ya tabbatar zai saki? Duk mai leƙa Facebook ya ga manya masu takardun shaida suna rubuta "yace" da "kuyi" a haɗe, ba sa bambanta "akan" da "a kan", ba sa kuma raba "ƙasa" da "kasa" ko "baƙi" da "baki". Waɗannan ba yara ba ne masu bincike; mutane ne da ba su samu mai gyara musu ba a lokacin da gyara yake da sauƙi.

Hujja ta biyu ta adalci ce, kuma ita ta fi damuna. Ɗan mai hali yana tashi a gidan da littattafai suke, idonsa yana cin karo da daidaitaccen rubutu dare da rana, ko ba a gyara masa ba zai tsinta. Ɗan talaka kuwa sau da yawa allon aji ne kaɗai littafinsa. Idan malami ya ƙi gyara masa da sunan tausayi, ranar jarrabawa ko ranar rubuta takardar neman aiki wani zai gyara masa ba tare da tausayi ba, ta hanyar jefa takardar a kwando. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sassaucin da babba ya yi yau, yaro ne zai biya kuɗinsa gobe.

Tarihi ma ya ba da gargaɗi. A 1987 jihar Kalifoniya ta Amurka ta rungumi tsarin koyarwa wanda ya jingina a kan barin yara su tsinci karatu daga labarai da rubutun kansu, aka rage koyar da alaƙar harafi da sauti kai tsaye. A gwajin karatu na ƙasa na 1994 jihar ta faɗo cikin na ƙarshe. Masana sun yi saɓani a kan ko tsarin ne ya jawo hakan ko wasu dalilai kamar cunkoson aji da ƙarancin kuɗi, amma a 1995 majalisar jihar ta yi dokokin da suka dawo da koyar da sauti da ƙa'idar rubutu. A 2000 kuma kwamitin ƙasa da aka ɗora wa nazarin koyar da karatu a Amurka ya tabbatar da amfanin koyar da alaƙar harafi da sauti a tsare, mataki bayan mataki. Wanda ya ɗauka yaro zai gano komai da kansa ya ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma hujja ta uku wadda take da tushe a tarbiyyarmu. Mun tashi a makarantar allo, inda wasali ɗaya ba abin wasa ba ne. Malam ba ya barin kuskure ya kwana a kan allo, kuma yana da gaskiya, domin abin da ke kan allon amana ce da aka karɓo daga hannu zuwa hannu, ba ta karɓar ragi ko ƙari. Wannan horo ya dasa mana girmama harafi, abin alfahari ne. Sai dai a nan ne na gano inda na zame. Rubutu iri biyu ne: akwai wanda ake ɗaukowa, akwai wanda ake haifa. A na farko mai rubutu ɗan aike ne, cikar aikinsa ita ce ya isar da saƙo yadda aka ba shi. A na biyu shi ne mai saƙon. Ni na ɗauki ma'aunin allo na auna wasiƙar jika zuwa ga kakarta. Sakamakon ya fito a bakinta: ta sauka daga matsayin mai magana ta koma mai kwafa.

Tsakanin ƙarya da karya gwiwa

Idan haka ne, shin mafita ita ce in ce mata, "Madalla, daidai ne"? A'a. Wannan ƙarya ce, kuma yaro yana da haƙƙin gaskiya kamar yadda babba yake da shi. Ranar da ta gano cewa "sanu" ba haka ake rubuta ta ba, za ta gano kuma cewa yabon kawunta ba shi da nauyi. Wanda yake yaba komai ya zubar da darajar yabonsa, kuma a ƙarƙashin irin wannan yabo akwai raini: zaton cewa yaro ba zai iya ɗaukar gaskiya ba.

Amma gaskiya ba guda ɗaya ba ce a kan takardar nan. Gaskiya ce cewa kalmomi huɗu sun saɓa wa ƙa'ida. Gaskiya ce kuma cewa kalmomi shida sun dace da ita, cewa saƙon ya fito sarai, cewa yarinya mai shekara shida ta rarraba furucinta sauti-sauti ba tare da an taimake ta ba. Duk waɗannan gaskiya ne. Laifina shi ne, daga cikin gaskiyoyin da ke gabana na zaɓi wadda ta fi nuna ilimina, na bar waɗanda suka fi nuna nata. Mutum yana iya zaluntar wani ba tare da ya furta ƙarya ko ɗaya ba, ta hanyar zaɓen gaskiyar da zai fara faɗa da lokacin da zai faɗe ta.

Ya kamata kuma a rarrabe kuskure. Akwai kuskuren sakaci, na wanda ya sani ya ƙi kula. Akwai kuskuren wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa da ɗan abin da ke hannunsa, bai kai ba. Malaman fiƙihu ma ba su haɗa mai ijtihadin da ya kuskure da mai ganganci a ma'auni ɗaya ba. Babban da yake rubuta "yace" bayan shekara goma sha shida a makaranta yana buƙatar tsawatarwa. Yarinyar da ta rubuta "gidamu" tana buƙatar amsa, domin kuskurenta tambaya ce da ta yi wa harshe. Haƙƙin irin wannan kuskure a kanmu shi ne a karanta shi kafin a soke shi. Bai cancanci a bar shi ya dawwama ba, amma ya cancanci a tambaye shi daga ina ya fito.

Bincike ya nuna cewa wannan hanya ta tsakiya ba mafarki ba ce. A Kanada, Gene Ouellette da Monique Sénéchal sun wallafa wani gwaji a 2008. Sun ɗauki yara 'yan kimanin shekara biyar suka yi mako huɗu suna sa su rubuta kalmomi yadda suka ji su. Bayan kowane ƙoƙari sai a yaba wa yaro, sannan a nuna masa rubutun da ya ɗara nasa da mataki ɗaya kawai, ba cikakken gyara gaba ɗaya ba. Yaran da aka bi da su ta wannan hanya sun fi waɗanda ba a yi musu haka ba saurin koyon karanta sababbin kalmomi. A 2017 masanan biyu sun sake nuna cewa ingancin rubutun kunne na yaro a ajin share fage yana hasashen yadda karatunsa zai kasance a aji ɗaya. Dalilin a bayyane yake. Yaron da yake kwafa idonsa da hannunsa kaɗai suke aiki. Yaron da yake ƙagawa dole ya tsayar da kalma a bakinsa, ya sassare ta, ya nemo wa kowane yanki harafi. Wannan aikin shi ne ainihin mabuɗin karatu. Abin lura a gwajin shi ne ba a bar yaran su kaɗai ba, ba a kuma danne su ba. An tsaya kusa da su, taki ɗaya a gabansu.

Mu Hausawa muna da wata sa'a a nan. Rubutun boko ya fi na Ingilishi kusanci da furuci nesa ba kusa ba, saboda haka kunnen yaro yana kai shi kusa da gida. Ga shi yarinyar ta dace a kalma shida cikin goma ba tare da an koya mata ba. Abin da ya rage kaɗan ne: shadda, ƙugiya, naso, da raba kalmomi. Waɗannan kuwa sai an koyar da su, domin kunne kaɗai ba zai ba da su ba. Muna kuma da wata wahala, wato yaronmu yana fama da tsarin rubutu uku a lokaci guda, Larabci da Ingilishi da Hausa, kowanne da dokarsa. Wanda yake ɗauke da tulu uku, in ruwa ya ɗan fantsala, ba bulala yake buƙata ba.

Na san abin da malamin firamare zai ce, domin yanzu ni ma ina tsaye a gaban ajin da yaransa suka haura 70: ina lokacin da za a zauna da kowane kuskure a tambaye shi asalinsa? Gaskiya ne, babu. Amma akwai abin da yake yiwuwa. Na raba wa yarana aiki gida biyu. Akwai lokacin da suke rubuta abin da ke ransu, wanda ba na taɓa shi da biro. Sai dai in kira wasu su karanta mini. Akwai kuma lokacin ƙa'ida, inda nake ɗauko kuskure ɗaya da na ga ya yawaita a wancan rubutun, mu yi mako guda a kansa. Kurakuransu su ne suke tsara mini darasi. Ba zan ce na warware matsalar ba, amma na daina ganin takardun da aka miƙo babu komai a kansu saboda tsoro.

Kammalawa

Na fara da tambayar ko kuskure yana da haƙƙi. Amsar da na iso gare ta ita ce, haƙƙin na mai kuskuren ne, kuma kashi biyu ne waɗanda ba sa rabuwa: a saurare shi, sannan a shiryar da shi. Wanda ya ba da na farko ya hana na biyu ya yi sakaci da amana. Wanda ya ba da na biyu ya hana na farko, kamar yadda na yi, ya je neman gira ya rasa ido. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma babu uwar da take dukan ɗanta don ya yi rarrafe, babu kuma wadda take fatan ya dawwama a kansa.

Mahaifiyarmu ta warke ta dawo gida. Yardar yarinyar kuwa ta fi jinkirin dawowa. Na yi makonni ina lallaɓa ta. Nakan ce hannuna yana ciwo, ta taimaka ta rubuta mini kayan cefane, in tafi kasuwa da takardar, in dawo da abin da ta rubuta, domin ta ga cewa rubutunta yana aiki. Ta rubuta "tatasai" na sayo tattasai, ta rubuta "gisiri" na sayo gishiri, ban ce komai ba. Wata rana, bayan kusan wata uku, ta zo da littafin karatunta ta nuna mini wata kalma da yatsa. Ta ce, "Kawu, me ya sa suke sa 'n' a 'gidanmu', alhali 'm' ake faɗa?"

Na ajiye abin da nake yi. Na ce ta faɗi "gidansa", ta faɗa. Na ce ta faɗi "gidanta", ta faɗa. Na tambaye ta me take ji a tsakiya. Ta yi shiru tana motsa baki, can ta ce, "N ce. A wancan ma tana nan, ɓuya ta yi." Abin da na buƙaci shekara uku a jami'a kafin in san sunansa, ta kama shi a tsakar gida, domin a wannan karon ita ta yi tambayar.

Takardar farko tana nan a cikin wani littafina, da tabon jan biro huɗu a jikinta. Nakan buɗe ta duk lokacin da zan zauna duba aikin yara. Ina niyyar in mayar mata da ita idan ta girma, in kuma nemi afuwarta.